Kamfanin taragon doki na Istanbul: yadda yaƙi ya kwashe dawakansa

'Yan kasuwar Nijar da Najeriya da ke zuwa sarin kaya Istanbul sun san jirgin nan na cikin gari da ke bin tsakiyar titi, wanda ake kira tiram. Ba kowa ba ne ya san cewa dawakai ne suka fara jan sa.

A shekarar 1869, zamanin Sarki Abdul'aziz, Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta ba wani ɗan kasuwa, Konstantin Karapano, izinin shimfiɗa dogo a titunan birnin. Daga nan aka kafa kamfanin da aka fi sani da Dersaadet Tramvay Şirketi, kuma a 1871 tarago ya fara jigila tsakanin Azapkapı da Beşiktaş.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta ga duk wanda ya taɓa ganin amalanke ta kafe a rairayi a hanyar Dungas zuwa Magarya ranar kasuwa: wahalar dabba tana wajen taya. In aka ɗora tayar ƙarfe a kan dogo mai santsi, doki biyu sai su ja mutanen da da ba za su iya motsawa ba. Alƙaluman kamfanin sun nuna dawakai 430 sun ɗauki fasinja miliyan 4.5 a shekarar farko.

Sai dai Istanbul garin tudu ne. A wuraren hawa akwai barga, inda ake ƙara dawakai har tarago ya haye. A gaba kuma wani ma'aikaci ke gudu da ƙaho a hannu, yana ihun a ba da hanya. Mata suna da nasu wurin zama daban.

Raunin kamfanin shi ne jarinsa na numfashi ne: yana cin hatsi, yana gajiya, kuma soja ma na bukatarsa. Da Yaƙin Balkan ya ɓarke a 1912, aka kwashe dawakan zuwa fagen daga. Taragu suka tsaya cik fiye da shekara guda, masu zuwa aiki suka koma tafiyar ƙafa da kwale-kwale.

Dawakan ba su dawo kan dogo ba. A 1914 aka sake buɗe layukan da wutar lantarki, haka aka ci gaba har 1961, lokacin da aka rufe su a ɓangaren Turai na birnin. Tiram na zamani da ake hawa yau ya fara aiki ne a 1992.