Usur da Karen Farauta: Yadda Ake Koya wa Kare Amsa Kira a Ingila

A wajen mafarautan tsuntsaye na Ingila, ba a cewa kare ya horu sai ya zamana yana dawowa wurin ubangidansa da zarar an kira shi, ko da kuwa zomo ne ya tashi a gabansa, kuma abin da akasari ake yin wannan kira da shi shi ne usur. Dalili kuwa shi ne muryar mutum tana sauyawa da halin da yake ciki, ta yi kaushi in ransa ya ɓaci, ta dushe in ya gaji, kare kuma yana gane wannan sauyi har ya yi shakkar matsowa, alhali ƙarar usur ɗaya ce kullum, tana kuma ratsa iska da duhuwar daji fiye da murya.

Kunnen kare ya fi na mutum kama siririn sauti, domin mutum ba ya jin abin da ya haura hatz 20,000, wato yawan girgizar sauti a daƙiƙa guda, shi kuwa kare yana jin ninkin haka. A kan wannan ne masanin nan Faransis Galton ya ƙera usur mai siririyar ƙara a 1876, daga baya kamfanin Acme na birnin Bamingam, wanda ya yi suna wajen ƙera usur na 'yan sanda da na alƙalan wasa, ya shiga yin na karnuka. Biyu daga cikin usur ɗin karnukan sun fi yaɗuwa: mai lamba 210.5, wanda ake yawan haɗawa da sifaniyel, karen da ke aiki kusa da mafarauci yana tayar da tsuntsu daga ciyawa, da mai lamba 211.5, wanda masu labarado suka fi so, karen da ke zuwa nesa ya ɗauko abin da aka harbo. Amfanin lambar shi ne idan usur ya ɓace a daji, sabon da aka saya zai fitar da sautin da karen ya riga ya sani.

Alamun da ake bayarwa da usur ba su da yawa: busa ɗaya mai tsawo na nufin ya tsaya ya zauna, gajeru biyu ya juya, gajeru da yawa a jere kuma ya dawo.

Horon dawowa yana farawa tun kare yana ɗan kwikwiyo, a bakin kwanon abinci. Mai shi yana busa kiran daidai lokacin da zai ajiye kwanon, har ya kai ga kwikwiyon yana jin sautin sai ya sheƙo a guje yana kaɗa wutsiya tun bai ga abincin ba. Daga nan ake fita da shi fili a ɗaure da doguwar igiya mai mita goma ko fiye, a bar shi ya shagala da sansanar ƙasa, sannan a busa, in ya zo a ba shi tsoka ko a shafa shi, kuma sau da yawa a sake shi ya koma wasansa, don kada ya ɗauka cewa kira ƙarshen jin daɗi ne.

A nan ne yawancin masu horo suke ɓata aikinsu da hannunsu. Wanda ya yi ta busa usur ga karen da ya riga ya bi zomo ya yi nisa, yana koya masa ne cewa sautin ba dole ba ne. Wanda kuma ya doki karen da ya dawo a makare, dawowar ya hukunta, domin kare yana danganta duka da abin da ya yi na ƙarshe. Shi ya sa ƙwararru ba sa busa kiran a farkon horo sai sun tabbata za a amsa, idan kuwa karen ya ƙi, sukan taka su je su kamo shi shiru, su mayar da shi kan igiya na wasu kwanaki kafin su sake gwada shi a kusa da dabbar daji.