Rediyon 'Yan Sha'awa: A Gyara Ƙasa Kafin A Ƙara Ƙarfi

Mutanen Arewa sun daɗe da sabawa da gajeren zango. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka kuma a 1979, har ta kai dattijo na iya laluben tasha a cikin duhu ba tare da ya dubi lamba ba. Sai dai duk wannan sauraro ne. Akwai wani fannin rediyo da mutum ke magana da kansa daga ɗakinsa, muryarsa ta doki sararin samaniya ta sauka a Turai ko Kudancin Amurka, ba layin waya ba intanet. Shi ne rediyon 'yan sha'awa, wanda ake yi da lasisin gwamnati don neman ilimi da taimakon jama'a, ba don kasuwanci ba. Kowane mai lasisi yana da lambar kira: ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U. Marigayi Sarki Husaini na Jodan ya shahara a fannin da lambar JY1, kuma tun 1925 masu wannan sha'awa suka kafa ƙungiyarsu ta duniya a birnin Paris.

Unguwa irin Tudun Wada a Gombe, inda Jami'ar Jihar Gombe take tun kafa ta a 2004, ba za ta rasa matasa masu ƙishin irin wannan ilimi ba, daga ɗaliban kimiyya zuwa masu gyaran rediyo da masu haɗa sola. Abin da ya kamata su sani tun da wuri shi ne, sabon shiga yakan ɗoki sayen amfilifaya, alhali ita ce ya dace ta zo a ƙarshe.

Yawancin na'urorin gajeren zango suna fitar da wat 100. Amfilifaya takan ɗaga wannan zuwa wat 500 ko 1,000, a Amurka ma doka ta yarda har 1,500. A takarda lambobin suna da girma, amma a kunnen mai sauraro ba haka abin yake ba. Sai an ninka ƙarfi sau huɗu kafin ma'aunin sigina na wancan ɓangaren ya motsa da mataki ɗaya. Daga wat 100 zuwa 400 mataki ɗaya ne, na biyu kuwa sai an kai 1,600. Sannan amfilifaya ba ta ƙara wa mai ita ji ko kaɗan. Eriya mai kyau ce ke gyara aikawa da karɓa a lokaci guda. Waya mai tsawon kimanin mita 20 da aka raba biyu aka ɗaga sama sosai ta isa aiki a zangon megahaz 7, mai mita 10 kuma a megahaz 14. Tun da Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel a 1993, ya fito da tsarin FT8 tare da Steve Franke a 2017, mutane ke ƙetare nahiyoyi da 'yan wat kaɗan.

Ga kuma ɗawainiyarta. Amfilifayar da ke fitar da wat 1,000 tana jan kusan ninki biyu na haka daga soket. Duk mai zaune a yankin da kamfanin rarraba wuta na Jos ke kula da shi, wato Filato da Bauchi da Binuwai da Gombe, zai fara tambayar kansa ko wayoyin gidansa da janaretonsa ko inbatarsa za su ɗauki wannan nauyi. Amfilifayoyi masu aiki da bawul suna ɗauke da bolt 2,000 zuwa 3,000 a cikinsu, kuma wutar na iya maƙalewa a kafasita bayan an kashe su, don haka buɗe murfinsu ba tare da sani ba ganganci ne da rai. Uwa uba, amfilifaya tana ninka kowane aibu da ke cikin tasha. Ɗan kuskuren da wat 100 ke ɓoyewa, a wat 1,000 sai makirufo ya riƙa ƙona leɓe, murya ta kutsa cikin talabijin da lasifikar maƙwabta. A unguwar da katanga ke jingine da katanga, haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne.

Wani ɓangare na maganin wannan yana ƙarƙashin ƙafarmu. Haɗa kayan aiki da ƙasa, abin da masu gyaran wuta ke kira atin, ayyuka uku yake yi, kuma kowanne da buƙatarsa. Na farko shi ne kare mutum daga jan wuta idan waya ta taɓa jikin na'ura. Na biyu shi ne ba tsawa hanyar wucewa. Na uku shi ne taimaka wa wasu nau'o'in eriya su yi aiki daidai.

A nan yanayin Gombe ke da ta cewa. Garin yana zaune ne a kan ƙasa mai yashi, irin wadda ruwa ke zaizayewa har ya haifar da kwazazzaban da suka addabi unguwanni da dama. Wutar lantarki ba ta ratsa busasshen yashi da sauƙi. Sandar atin da ta yi kyau a watan Agusta tana iya zama kusan banza a watan Maris, lokacin da danshi ya nutse can ƙasa. Saboda haka a ƙarshen rani ya kamata a auna, ba a tsakiyar damina ba, kuma da na'urar awo, ba da ƙiyasi ba. Ƙa'idar kariyar tsawa ta duniya tana son juriyar ƙasa ta gaza om 10. A irin wannan ƙasa sanda ɗaya da wuya ta wadatar. Ana kafa biyu ko uku masu rufin jan ƙarfe, kowacce mai tsawon mita 2.4, a bar tazarar da ta kai aƙalla tsawon sandar a tsakaninsu, a haɗa su da waya mai kauri a ƙarƙashin ƙasa. Al'adar zuba gawayi da gishiri a ramin tana rage juriya da farko, amma ruwan sama na wanke gishirin, shi kuma yana cin ƙarfen kafin ya tafi. Yumɓun bentonait ya fi daɗewa, domin yana riƙe danshi. Kada a dogara da bututun ruwa, don yawancinsu yanzu na roba ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kafa wa eriya sandarta daban, gida kuma da tasa daban. Matsakaiciyar tsawa tana ɗauke da kimanin amfiya 30,000. Idan ta sauka kusa, bambancin ƙarfin wuta tsakanin sandunan biyu na iya kai dubban bolt, kuma hanyar da wutar za ta bi don daidaita kanta ita ce ta cikin rediyon, ta kan teburin da mutum ke zaune. Dole a ɗaure dukkan sandunan da atin ɗin gida su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Wayar eriya ta shiga gida ta wuri ɗaya, inda aka kafa farantin jan ƙarfe da na'urar kama tsawa a waje. Abin da zai sada farantin da sanda ya zama gajere, mai faɗi, miƙaƙƙe, domin tsawa ba ta son kwana. Duk da haka, idan hadari ya taso daga gabas, a cire wayar eriya da ta soket tun kafin ya iso, kada a taɓa su da zarar an fara walƙiya.

Hunturu ma da nasa. Busasshiyar ƙurar da iska ke kaɗawa tana gogar doguwar waya ta tara mata caji, har a ji ƙas-ƙas a bakin filogi alhali babu ko ɗigon girgije. Wannan ya isa ya lalata sashen karɓar sigina, shi ya sa ake sa wa eriya ƙaramar hanyar da cajin zai riƙa tsiyayewa zuwa ƙasa.

Aikin atin na uku ya shafi eriyar tsaye. Ita sanda ba ta ishe ta ba, sai an shimfiɗa wayoyi kewaye da gindinta. Binciken da George Brown da abokan aikinsa na kamfanin RCA suka wallafa a 1937 shi ya sa gidajen rediyon matsakaicin zango ke binne wayoyi 120. Mai gida ba ya buƙatar haka, amma a kan yashi ko goma sha shida za su yi masa amfani ƙwarai. Eriya mai hannu biyu, wato wayar da aka raba biyu, ba ta buƙatar wannan shimfiɗa. Abin da take so shi ne zoben ferait a wuyanta, don hana sigina biyo bayan wayar ta dawo ɗaki.

Tsarin da ya dace ke nan: lasisi da sanin iyakar ƙarfin da ya halatta, sai eriya, sai atin da ƙwararre ya auna, sai dogon zama ana aiki da wat 100 har mutum ya san halin zango da lokutansa. Wanda ya bi wannan tsari, idan ranar sayen amfilifaya ta zo, zai kunna ta a gidan da ya shirya ɗaukarta, iyalinsa da maƙwabtansa kuma suna cikin aminci.