Baƙuncin Jarumi a Hikayar da Ba Tasa Ba

Wanda ya san ƙasar da ke arewacin birnin Kano, tun daga Ungogo da Minjibir har zuwa Ɗambatta da Makoɗa, inda gona ke manne da gona, ƙauye ke jin kiran sallar ƙauye, ya san cewa da zarar an yanke gero, an kai dawa rumbu, hannun samari ya ɗan sarara, to hira ta sami fili ke nan. A ranar kasuwa za ka tarar da su cunkushe a rumfar masu caji da tura finafinai a waya, suna zaɓen waɗanda aka fassara da Hausa, yara kuwa suna yawo da rigunan gwanjo masu ɗauke da surar Superman ko Spider-Man, alhali yawancinsu ba su taɓa riƙe littafin zanen da waɗannan jarumai suka fito daga cikinsa ba. Musun da aka fi yi a irin wannan majalisa shi ne, in wane ya gamu da wane, wa zai ka da wani? Kada mai karatu ya raina wannan tambaya, gama a kanta ne manyan kamfanonin Amurka suka kafa wani reshe na sana'arsu, watau ɗauko jarumi daga hikayarsa a kai shi baƙunci cikin wata hikaya dabam.

Asalin al'amarin ciniki ne. Superman ya fara bayyana a 1938, bayan Jerry Siegel da Joe Shuster, samarin da suka ƙago shi, sun sayar da haƙƙinsa a kan dala 130, kuma tun daga ranar ya zama dukiyar kamfanin da yau ake kira DC, kamar yadda jaruman X-Men suke dukiyar kamfanin Marvel. Hikayar Star Trek kuwa, wadda Gene Roddenberry ya fara a talabijin a 1966, labarin wani jirgi ne da ke ratsa sararin samaniya da ma'aikatansa, ita ma da masu ita. Saboda haka jarumin wannan gida ba ya taka ƙofar wancan sai an zauna an rubuta yarjejeniya, an yanke yadda za a raba riba. Da aka yi haka a 1996 sai X-Men suka wayi gari cikin jirgin Kyaftin Kirk na Star Trek, inda aka sami likitoci biyu masu suna McCoy, ɗaya daga kowane ɓangare, aka kira ɗaya duka biyun suka amsa. A 1998 aka sake haɗa su da ma'aikatan Kyaftin Picard, shi ma na Star Trek, har cikin wani littafi mai suna Planet X aka yi nuni da yadda Picard ya yi kama da Farfesa Xavier, shugaban X-Men. Shekara 2 bayan haka sai ga Patrick Stewart, ɗan wasan da ya daɗe yana fitowa a matsayin Picard, an ba shi matsayin Xavier a fim. A 2015 kuma aka kai Green Lantern, mai zoben da ke aikata abin da zuciyar mai shi ta ƙudurta, cikin wannan duniya ta jiragen samaniya.

Amma mas'alar da ta fi jan hankalina tana bayan cinikin. Almajirin da ya zauna a zaure ya karanta Ummul Barahina ta Shaihu Sanusi ya san hukuncin hankali ya kasu uku, wajibi da mustahili da ja'izi, ya kuma san malamai sun rarrabe tsakanin abin da ke gudana bisa al'ada, kamar ƙunar wuta da yankan wuƙa, da abin da ke keta al'ada. To, hikayar kimiyya, ko da ƙage ce daga farkonta har ƙarshenta, ta ɗaukar wa mai karatu alkawari cewa kome zai zo da sababinsa: in jirgi ya yi gudun da ya wuce na haske, za a ce ga injin da ya sa, ga makamashinsa, ga ranar da zai lalace a rasa yadda za a yi. Jarumin littafin zane kuwa, ko an laƙa masa wani dalili na kimiyya, a haƙiƙa aikinsa keta al'ada ne, yana tashi ba fiffike, harsashi ba ya huda shi. Idan aka sa irin wannan mutum cikin jirgin da darajar mutanensa duka tana ga haƙuri da lissafi da shawara, ɗayan biyu ne zai faru: ko ya gama da matsalar cikin ƙiftawar ido labari ya mutu, ko marubuci ya nemi hanyar rage masa ƙarfi. Marubuci Dan Jurgens ya fahimci wannan sarai lokacin da ya haɗa Superman da dodannin fim ɗin Alien a 1995, domin ya kai shi wani wuri mai nisa da rana, ita kuwa rana daga gare ta yake samun ƙarfinsa, sai ƙarfin ya riƙa tsiyayewa, ya zamana abin da ya rage masa kawai shi ne halinsa na ƙin kashe rai. A ganina a nan ne baƙuncin ya yi amfani, domin sai da aka raba shi da ƙarfinsa sa'an nan aka san ko shi wane ne.

Sai dai irin wannan nasara ba ta da yawa, dalili kuwa a fili yake. Jarumin kamfani tamkar shanun huɗa ne da aka karɓo aro daga maƙwabci: a yi aiki da su, amma kafin magariba a mayar da su turkensu ba rauni, ba ɗingishi. Ba shi da izinin mutuwa a gidan baƙunci, ba shi da izinin aure ko sauya ra'ayi, kuma masu Star Trek ba sa lissafa abin da ya faru a waɗannan littattafai cikin asalin tarihin hikayarsu. Mai karatu ya san haka tun kafin ya buɗe shafin farko, shi ya sa zuciyarsa ba ta bugawa.

Mu kuwa a ƙasar Hausa mun daɗe da jarumin da ba ya neman izinin kowa. Gizo yana shiga fadar sarki yau, gobe yana bikin tsuntsaye da aron gashinsu, jibi yana gidan Dodo ko bakin ramin kura, kowace tsohuwa a kowane tsakar gida daga Bichi zuwa Kunci tana da ikon kai shi inda ta ga dama, in ta so ta sa a yi masa dukan kawo wuƙa, wata kuma ta tashe shi garau a daren gobe. Abin da ba ta da ikon taɓawa shi ne halinsa. In ta mai da shi mai gaskiya da ƙoshin zuciya, yaran da ke gabanta ne za su fara ce mata wannan ba Gizo ba ne. Littattafai uku na tatsuniyoyi da Frank Edgar ya tattara aka buga tsakanin 1911 da 1913 sun ishe mu shaida a kan yawan gidajen da Gizo ya kwana. Marubutanmu na farko ma ba su ji tsoron tsallaka iyaka ba. Malam Bello Kagara, cikin Ganɗoki da aka buga a 1934, ya ɗauki mayaƙi daga yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, waɗanda a lokacin akwai tsofaffin da suka gan su da idonsu, ya wuce da shi har ƙasashen aljannu, bai kuwa sauke masa kirarinsa da taurin kansa a hanya ba. Umaru Dembo kuma, a 1969, shekarar da mutum ya fara taka wata, ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda Kolin Koliyo ya ɗauki yaro Kilba ya kai shi sararin samaniya. Ashe ke nan muna da jarumin, muna kuma da jirgin.

Abin da nake fata, kuma da gaske nake fatarsa, shi ne yaron nan na makarantar sakandare a Ɗambatta ko Dawakin Tofa, wanda ke cika bayan littafinsa na lissafi da zanen Spider-Man, ya gwada hannunsa a kan namu. Ya sa Gizo cikin jirgin da aka ƙidaya wa kowa abincinsa da ruwansa da iskar da zai shaƙa, ya ga abin da kwaɗayi da dabara za su haifar a wurin da ƙarya ɗaya ke iya hallaka jama'a duka. Wannan gwaji ne da ya fi na Superman tsanani, domin Gizo ba shi da ƙarfin da za a rage masa, halinsa kaɗai ya mallaka tun asali. Sai dai ya san doka kafin ya kai aikinsa maɗaba'a. A Nijeriya haƙƙin littafi yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mawallafi, don haka Ganɗoki da Kilba suna da masu su, sai da izini. Tatsuniya kuwa dokar haƙƙin mallaka ta sa ta ƙarƙashin kulawar hukumar da ke lura da wannan haƙƙi, amma ta bar ƙofa ga marubucin da ya aro daga cikinta gwargwadon adalci domin ya gina sabon aiki nasa na kansa.