Taliyar romon rago ta Henan: abin da baƙo Musulmi zai duba kafin ya zauna

Tun kafin gari ya waye, masu rumfunan abinci a birnin Zhengzhou, hedikwatar lardin Henan da ke tsakiyar ƙasar Sin, suke ɗora tukwane a wuta. Ƙasusuwan rago ne a ciki, kuma sai sun yi sa'o'i suna tafasa kafin romon ya yi fari kamar madara. Wannan romo shi ne ƙashin bayan “huimian”, taliyar da mutanen lardin ke tunƙaho da ita.

Ba abin mamaki ba ne taliya ta samu gindin zama a nan, domin Henan ke noma kusan kashi ɗaya bisa huɗu na alkamar ƙasar. Ana kwaɓa fulawa da gishiri, a yanka curi-curi, a shafe da mai, a bar ta ta huta. Sai mai saye ya zo ne mai dafawa zai ɗauki curi guda, ya ja shi da hannu biyu yana kaɗawa har ya zama doguwar taliya mai faɗi. Daga nan ya jefa ta cikin ƙaramar tukunyar romo tare da yankakken nama, siraran awara da ganyen teku. Dahuwarta a cikin romon ce ta ba ta sunanta. Akan kawo ta da man barkono da tafarnuwa mai zaƙi-zaƙi a gefe.

Ga ma'aikacin gwamnati da aka tura kwas, ko hadimin da ya raka maigidansa taro, tambayar farko ita ce ta halasci. Henan na da al'ummar Musulmi 'yan ƙabilar Hui, har wata gunduma ta Zhengzhou, wato Guancheng, tana ɗauke da sunansu, kuma da yawa daga cikin rumfunan taliyar nasu ne. Sai dai ba kowace rumfa ba ce ta Musulmi, kuma ganin naman rago a kwano ba ya tabbatar da abin da aka dafa a tukunyar kusa da shi.

A da, rubutun Larabci a ƙofa ya isa shaida. Amma a 2019 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa hukumomin Beijing sun umarci gidajen abincin halal su cire rubutun Larabci daga allunansu, kuma an ga irin haka a wasu larduna. Alamar da ta rage ita ce kalmar “qingzhen”, mai haruffa biyu, 清真, galibi a kan koren allo.

Saboda haka, wanda tafiya ta kama shi ya adana hoton haruffan nan a wayarsa tun daga Abuja. Idan ya gan su, ya shiga ya nemi benci, kada kuma ƙarar zuƙar taliya ta ba shi mamaki, domin a irin waɗannan rumfuna ba a ɗaukar ta rashin ladabi. Ya fara da kurɓar romon kafin ya zuba barkono.