Daga Kogon Haƙori Zuwa Tiyatar Ƙirji

A wajenmu ciwon haƙori ba ya kai mutum asibiti. A cusa kanumfari a kogon, a haɗiyi Panadol, in ya matsa a leƙa kemis a sayo kafso uku. Har ruwan batir na ga ana ɗigawa. Da zugin ya lafa sai ka ji an ce tsutsar ta mutu. Alhali jijiyar haƙorin ce ta mutu, ƙwayoyin cutar kuwa sun gangara saiwa suna tara mugunya.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne turame biyu na can ƙurya a muƙamuƙin ƙasa. Saiwarsu ta nutsa sosai, don haka idan mugunya ta huda ƙashi, ƙarƙashin haɓa take malalewa. Wurin ya kumbura ta gefe biyu, ka taɓa ka ji tauri kamar katako. Harshe ya ɗaga ya koma baya, baki ya ƙi buɗuwa, yawu na dalala, maras lafiya ya kasa kwanciya rigingine saboda numfashi. Wani likita Bajamushe, Wilhelm von Ludwig, ya bayyana ciwon a 1836, da sunansa ake kiran ciwon har yau. Kafin zuwan magungunan kashe ƙwayoyin cuta, fiye da rabin masu shi ba sa tashi. Mu kuma a nan sai a ce hangum ne, a shafa man zafi.

Daga wuya zuwa ƙirji babu shamaki. Tsakanin naman wuya akwai rata da ta miƙe ta bayan maƙogwaro har inda zuciya da manyan jijiyoyin jini suke, tsakanin huhu biyu. Nauyin mugunyar na tura ta ƙasa, kowane jan numfashi na ƙara zuƙo ta. Cikin 'yan kwanaki abin ya zama na hoton CT, allurai ta jijiya, da tsaga wuya, wani sa'in har da ƙirji, don a kwashe ruɓa. Mai ciwon suga na cikin waɗanda suka fi shiga wannan haɗari.

Ka ga kumburi ya sauko ƙasan haɓa, da zazzaɓi, da wahalar haɗiya ko numfashi, kada ka jira gari ya waye. A kama hanyar babban asibiti mai sashen tiyatar baki da fuska, irin na Malam Aminu Kano ko na Shika.