Gidajen Bene da Gobara: Wuta a Ɗaki, Ƙarfe a Taga

A gidan Bahaushe na da, wuta a waje take kwana. Murhu yana tsakar gida, hayaƙi ya tashi ya bi iska, da an sauke tuwo a yayyafa wa rushi ruwa. A da ma ana gobara, ɗakunan bunu da dangar kara sun sha cin wuta lokacin hunturu. Sai dai gidan ƙasa yana da mafita ta ko'ina: ga zaure, ga tsakar gida, ga katangar da za a miƙa yaro ta kanta zuwa gidan maƙwabci. Dukiya ta ƙone, mutane su tsira.

Tsadar fili ta sauya wannan tsari. A Kano da Kaduna da unguwannin da ke kewaye da Abuja irin su Kubwa da Lugbe, mai fuloti ɗaya ya gane cewa in ya ɗora hawa biyu ko uku zai karɓi hayar gida shida a inda da iyali ɗaya ne za su zauna. Ma'aikata da sababbin ma'aurata su ma sun fi son haka, kowa da kicin ɗinsa da banɗakinsa, ba gori ba tsegumin gidan yawa. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne, duk wutar da ke tsakar gida ta biyo mu cikin ɗaki, har ta zo da 'yan rakiya.

Ta farko ita ce tukunyar gas. Kananzir ya fi ƙarfin talaka, itace kuma ba ya hawa bene, don haka gas ya zama dole. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya tsiyaya ba sama yake yi ba, ƙasa yake kwanciya ya taru, musamman a kicin mai 'yar taga ɗaya. Warin da ake ji ma da gangan ake zuba masa don a ankara. Matar da ta shiga da asuba ta ji warin, ta kai hannu ta kunna fitila don ta duba, tartsatsin makunnin kaɗai ya isa. Galibi kuma laifin ba na tukunyar ba ne, na tiyon roba ne da ya shekara da shekaru ya tsage, ba wanda ya kalle shi.

Ta biyu ita ce lantarki, ko in ce rashinta. A ɗauke wuta da hita a cikin bokiti ko dutsen guga a jone, a fita unguwa, a kawo wutar ba kowa a gida. Ga siraran wayoyi da aka sa don a rage kuɗin gini, an ɗora musu firji da na'urar sanyaya ɗaki. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, janareta ya zama sai mai hali, jama'a suka koma sola, duhun fiye da mako guda da ya rufe jihohin Arewa da dama a Oktoban 2024 kuma ya ƙara tura su. Sola alheri ce, ta rage jarkokin fetur da ake ɓoyewa ƙarƙashin matakala, ta rage masu mutuwa cikin barci saboda hayaƙin janareta. Amma batura da inbata da wani yaron shago ya haɗa da ƙiyasi, aka jibge su a lungun falo kusa da labule, sabuwar barazana ce da ba mu gama saninta ba.

Duk wannan bayanin yadda wuta ke tashi ne. Abin da ke mayar da gobara makoki daban ne, kuma a ganina shi ne babban lamarin: mun toshe wa kanmu hanyar fita. Tsoron ɓarawo ya sa kowace taga an yi mata ƙarfe an liƙe da walda, baranda an kewaye ta kamar keji, ƙofar ƙarfe biyu, ga get ɗin matakala da ake datsewa da kwaɗo da dare, makulli yana hannun mutum ɗaya. Ba wanda zai zargi mai yin haka, wanda aka taɓa haura masa ya san abin da ya gani. Amma ƙarfen da ya hana ɓarawo shiga shi ne yake hana mai gida fita, ya hana maƙwabta kawo ɗauki. Gobarar zamani kuma ba ta jira. Katifar soso da kujerun kushin da silin roba suna fitar da baƙin hayaƙi mai guba, wanda yakan kayar da mutum tun harshen wutar bai iso shi ba. Matakala ɗaya tilo sai ta zama bututun hayaƙi.

An ga wannan a Hanoi, babban birnin Biyetnam, a watan Satumban 2023. Wuta ta tashi cikin dare a hawan ƙasa inda mazauna ke ajiye babura, ginin yana cikin lungun da motar kashe gobara ba ta iya shiga, mafita ɗaya ce, mutum 56 suka rasu. Wanda ya san yadda ake kwantar da babura a bakin matakala a gidajen hayarmu ba ya bukatar ƙarin bayani. A Landan ma, benen Grenfell mai hawa 24 da ya ci rai 72 a Yunin 2017, daga firji wutar ta faro, kuma matakala ɗaya gare shi. Arziƙin ƙasa bai hana ba.

'Yan kwana-kwana su ne suka saba shan zagi, wai sun makara ko sun zo ba ruwa. Wani lokaci da gaskiyar masu ƙorafin. Amma motar da ta taso daga nesa, ta kutsa cunkoso, ta tarar da lungun da aka cinye da shaguna, ba famfon da za ta ƙara ruwa, me ake so ta yi? Nijeriya tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, sai dai takarda ba ta hawa bene ta duba matakala. Mai gini yana ganin matakala ta biyu ta cinye masa ɗaki guda na haya, ɗan haya kuma da ya sha wuya kafin dillali ya samo masa wuri, ruwa da mita yake tambaya.

Abin da ya rage a hannun ɗan haya ba shi da yawa, amma ba shi da tsada. Mai walda zai iya yanke ƙarfen taga ɗaya a kowane gida ya sa masa fata da sakata, a rataye makullin inda yaro ma zai kai. Kowane gida ya riƙe nasa makullin get. A rufe kan tukunyar gas kafin a kwanta, a sauya tiyo da zarar ya fara tauri, in kuma mai ya kama a kasko a kife masa murfi, kada a watsa ruwa. Na'urar da ke ƙara in ta ji hayaƙi da batir take aiki, ba ruwanta da NEPA. Babura kuwa a sama musu wuri a harabar gida, ko da za a yi ta rigima da masu su.