Ɗan Bututun da Ake Sa wa Yara a Kunne

Uwa takan kira ɗanta mai shekara 2 ya ƙi waiwayowa, ta zaci taurin kai ne. Alhali kuwa ruwa ne ya taru bayan dodon kunnensa, yana jin magana kamar daga cikin rijiya.

Dabarar da Likita Armstrong na Amurka ya farfaɗo da ita cikin 1954 ita ce a huda dodon kunnen, a sa ɗan bututu wanda bai fi ƙwayar shinkafa ba, domin iska ta riƙa shiga. Aikin kamar minti 15 ne, amma ganin an sa ɗanta barci shi ya fi tayar wa uwa hankali. Da ya farka, ƙarar mota ma takan firgita shi, watau ji ya komo. Bayan wata 6 ko shekara guda, bututun yakan faɗo da kansa.